Rabin Maganar Umma

Har yanzu idan wayar wani ta fara magana a kusa da ni, a cikin adaidaita ko a layin markaɗe, sai hankalina ya koma kanta. Nakan tsaya cak in kasa kunne in ji ko muryar Umma ce. Yawanci wa'azi ne ko waƙar biki. Sau biyu dai ita ce, kuma duka biyun sauka na yi tun ban kai inda za ni ba.

A Soron Ɗinki aka haife ni, a gidan kakanninmu, gidan da sai ka wuce soro uku kafin ka ga tsakar gida. Baffa, wan mahaifina, shi ne babba, yana da rumfar yadi a Ƙofar Wambai. Gwaggo, ƙanwarsu, tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita ke riƙe da harkar mata. Mu kuma ɗakinmu na can ƙurya kusa da rijiya, ni da Umma da Baba.

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako wata mata da muke kira Malama ta zo unguwarmu. 'Yar cikin gari ce ta asali, amma tun tana ƙarama iyayenta suka fita bayan badala. Ta karanta zane a jami'a, ta je Turai ta ƙaro, ta dawo tana koyarwa a wata jami'ar. Ta kama wani tsohon gida a bayan layinmu, ta sa aka gyara katangar da ta zube, ta ce 'yan matan da suka gama makaranta su zo ta koya musu aiki kyauta. Mu goma sha biyu muka je.

Ba wanda ya iya faɗin sana'arta da kalma ɗaya. Yau mu rina ƙyalle da shuɗin baba, gobe mu kwaɓa yumɓu, jibi ta miƙa mana kyamara da rikoda. Daga baya sai ta haɗa su duka a ɗaki ɗaya, ƙyallen a rataye, tukwanen a ƙasa, sauti yana fitowa daga cikinsu, ta ce wannan shi ne aikin. Ranar da na dawo gida hannuna shuɗi har gwiwa, Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

"Wai ni wannan malamar taku, mariniya ce, ko maginiya, ko 'yar jarida?"

"Duka ce, Gwaggo."

"To Allah Ya ba ta miji mai haƙuri. Wadda ta iya komai ba ta iya tuwo ba."

Ta iya kuwa. A tabarma take zama da mu, mu ci ɗanwake a kwano ɗaya, tana tsokanar wadda ta fi zuba yaji. Wata rana ta tura mu Ƙofar Wambai da rikoda, ta ce kada mu yi wa kowa tambaya, mu dai ɗauko mata kasuwar. Na tsaya a bakin layin masu ɗinki na rufe ido. Kekunan ɗinki suna amsa wa juna, almakashi yana cin yadi, wani yana karkaɗe bandir. Tun ina goye ake bi da ni ta wurin nan, amma ban taɓa jin sa ba sai ranar. Da ta saurari nawa sai ta cire abin kunnen ta ce, "Ke kina da kunne." Ba a taɓa ce min ina da wani abu ba. Tun daga ranar ko wuta ta ce in taɓa zan taɓa.

Tana da doka ɗaya da take yawan maimaitawa: ba ta ɗaukar fuska. Ta ce an daɗe ana kwashe fuskokinmu ana kai wa waje, ita hannu take ɗauka da sauti. Wannan dokar ce ta sa iyayenmu suka sake da ita. Baffa da kansa ya ce, "Tunda ba fuska, je ki."

Ana cikin damina Baba ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Umma ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba lalle, ba kwalli, ba turare, ko zoben azurfarta ta cire ta sa a gwangwani. A gidanmu mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta shiga girkin gida, sai dai a kawo mata. Ta zauna a ɗaki da hularta.

Umma ɗinkin hula take yi. Mutanen gidansu a Ƙofar Na'isa Barebari ne tun kaka da kakanni, a wurin kakarta ta koya. Kuma bahaguwa ce. Allurarta daga ɗaya gefen take tafiya, saboda haka zaren yakan kwanta saɓanin na kowa. Masu wankin hula da yatsa suke gane tata, ba sai sun duba ba. A babban yatsanta na hagu akwai tabon man gyaɗa da ya ƙona ta tun tana amarya. Hular da ke hannunta a lokacin ta Baba ce, kore da ruwan toka, ta faro masa ita don Sallah bai kai ba. Ta ce za ta ƙarasa.

Malama ta zo ta'aziyya, ta durƙusa har ƙasa, ta yi addu'a mai tsawo. Na lura idonta yana kan cinyar Umma. Bayan an yi arba'in ta kira ni gefe a wurin aiki.

"Ƙanwata, ina so ki ɗauko min hannun Umma."

"Malama, takaba take yi."

"Shi ya sa. Hannu ba lalle ba zobe, yana ƙarasa hular wanda ba zai sa ba. Ni in na je ba za ta sake ba, baƙuwa ce ni. Ke kuwa 'yarta ce."

"Ina za a kai shi?"

"Nan ɗakin zai zauna, mu kalla mu koya. Kuma ko da ya fita, hannu ne kawai. Wa zai gane hannu?"

Nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ni 'yar Soron Ɗinki ce. Ni da nake gane wadda ta yi tuwo daga yadda aka malmala shi, nake gane wanda ya shigo soro daga takunsa, na san amsar tambayarta sarai. Amma Malama ce ta tambaya, kuma ba a tashe mu a kan gyara wa malami magana ba. Na ce to.

Da hantsi nake ɗauka, bayan maza sun fita. In kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku in saita ta a cinyar Umma, daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Ranar farko ta yi ta kallon abin a kaikaice.

"Wannan yana ji?"

"Yana ji, Umma. Aikin makaranta ne."

"To ya ji sautin allura, shi kaɗai gare ni."

A rana ta uku ta manta da shi. Ana yayyafi, ruwa yana ɗiga daga indararo cikin bokiti. Tana ɗinki, ba ta ɗago ba, ta ce:

"Kin san wani abu? Shekara ashirin da shida da kawo ni gidan nan, ban taɓa zama ba sai yanzu. Takabar nan ita ce hutuna na farko. Ba girkin mutum talatin, ba jan ruwa, ba wanda zai ƙwala min kira."

Allura ta shiga ta fita kamar sau goma. Sannan ta ce:

"Amma da za a ce min ga shi can a soro ya dawo, da tarinsa da faɗansa da komai, wallahi da yanzu na tashi na ɗora tukunya, in yi ta yi har in mutu. Hutun da ba shi a ciki zaman jira ne kawai."

Hawayenta ya ɗiga a kan ƙyallen, ta sa bayan hannu ta goge. Ban taɓa jin ta yi maganar Baba haka ba. Matan gidanmu ko sunan miji ba sa kamawa, balle su ce suna kewarsa.

Na kai wa Malama katin da ke cikin kyamarar. Ta saurara sau biyu, ta tashi ta rungume ni. "Kin san abin da kika ɗauko kuwa?" Na koma gida kamar ba a ƙasa nake tafiya ba. Ban ajiye kwafi ba. Katunan nata ne, kullum mayar mata muke yi, kuma bai zo min a rai cewa zan buƙaci shaida a kan maganar uwata ba.

Kafin takabar ta ƙare Malama ta rufe wurin aiki, ta ce an gayyace ta waje, za ta dawo. Umma ta fita takaba, ta ƙarasa hular, aka kai wanki aka dawo da ita tana ƙyalli. Ta ba ni ta ce in kai wa Baffa, tunda shi ne uba yanzu. Baffa ya karɓe ta da hannu biyu. Daga ranar ita yake sawa Juma'a, ita yake sawa kasuwa, duk wanda ya yaba sai ya ce, "Ta ƙanena ce, iyalinsa ta ƙarasa."

Wajen wata bakwai bayan nan, wata Litinin bayan azahar, ina wanke-wanke a bakin rijiya Gwaggo ta fito da waya a hannu.

"Ke, 'yar jarida. Zo nan. Hannun wa ye wannan?"

Bidiyo ne na wani ƙaton ɗaki fari, Turawa suna tsaye da kofuna. Huluna sun fi ɗari a rataye daga sama, da shuɗin ƙyallen da muka rina. A jikin bango kuwa, bango mai tsawon soronmu, hannun Umma ne, tabon man gyaɗan nan ya kai faɗin faifai. Allura tana tafiya daga hagu. Kore da ruwan toka. Sai muryarta ta cika ɗakin, da fassarar Turanci a ƙasa: takabar nan ita ce hutuna na farko, ba wanda zai ƙwala min kira. Sai ƙarar yayyafi. Sai ta sake faɗa, hutuna na farko. Ta sake. A nan ya tsaya.

Masu wurin baje kolin da aka gayyaci Malama ne suka sa guntun a shafinsu, wani ya kwafo, ya rubuta a kai: ku ji abin da matan yanzu ke faɗa a takaba. Daga nan ya shiga wayoyin gari. Daga baya na ji yadda ya isa ga Baffa. A rumfarsa wani maƙwabcinsa ya kunna ana ta salati ana tsine wa matar, sai ɗaya daga cikinsu ya dubi wayar, ya ɗago ya dubi hular da ke kan Baffa. Ɗaya bayan ɗaya duk suka ɗago.

Bai jira la'asar ba ya dawo. Bai taɓa shiga ɗakinmu ba tun da nake, ranar ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama. Ya cire hular ya ajiye a kan tabarma gaban Umma.

"Ga kayanki. Mu muna kukan ɗan'uwa, ashe hutu muka ba ki."

Umma ta sunkuyar da kai.

"Baffa, ba nan maganar ta ƙare ba," na ce. "Akwai saura. An yanke ne."

"Wa ya ɗauka?"

"Ni ce."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Baffa ba azzalumi ba ne, dole in faɗi wannan. Ya ce, "To kawo sauran. In na ji da kunnena, ni da kaina zan kai wa jama'a, in mayar da hular nan kaina in fita da ita. Ina jira zuwa Juma'a."

Na kira Malama a ranar ya fi sau ashirin. Na tura saƙo, na tura murya ina kuka. Na je gidan da muke aiki, kwaɗo ne a ƙofar, ya fara tsatsa. Na hau mota zuwa jami'ar, mai gadi ya ce sai da takarda, wata ɗaliba ta tausaya min ta shiga ta tambayo, aka ce tana hutun bincike a waje. Sai ranar Laraba Malama ta ɗauki wayata.

"Ƙanwata, na ga saƙonninki. Ki kwantar da hankalinki, ai ba fuska."

"Malama, hular tana kan Baffa. Wata bakwai yana yawo da ita."

Na ji ta ja numfashi.

"Ban san an ba wani ba."

"Kuma bahaguwa ɗaya ce ke ɗinki a unguwarmu. Kowa ya gane. Don Allah ki turo min sauran, inda ta ce da zai dawo."

"Ki fahimce ni. Ban yanke don in cuce ta ba. Rabin farkon shi ne abin da mata ba sa faɗa, shi ne aikin. Na biyun kowace mai takaba tana faɗa."

"Amma ta faɗa, Malama."

"Na sani."

"Baffa kaɗai zai ji. Na rantse miki."

"In na turo miki, gobe yana wayar kowa, a jera shi da nawa a ce na yi wa matar ƙarya. Akwai yarjejeniya tsakanina da masu wurin, kuma ana duba aikin don wata kyauta. Ba a hannuna kaɗai yake ba yanzu." Ta sassauta murya, irin wadda take mana a kan tabarma. "Bari in duba, ƙanwata. Zan duba."

Na zauna da wayar a hannu ranar Alhamis gaba ɗaya. Ko banɗaki da ita na shiga. Ba abin da ya shigo sai saƙonnin lambobin da ban sani ba, wani yana cewa ya san layinmu, wani yana cewa ni da uwata wuta ce makomarmu.

Ba wanda ya kori Umma, kada in yi wa gidanmu ƙazafi. Abin da ya faru shi ne tun Litinin ba macen da ta ɗaga labulenmu ta ce ina kwana. Mutumin da ke kawo mata ƙyallen hula ya aiko a karɓo masa waɗanda ba ta fara ba. Ranar Alhamis ta yi dambu ta zuba wa Gwaggo kamar yadda ta saba, aka dawo da kwanon a rufe yadda ya tafi. Umma ta buɗe ta duba, ta mayar da murfin.

"Gidan da aka dawo miki da kwano haka, kin gama zamansa. Kira min Kawunki."

"Umma, ki fita ki gaya musu da bakinki. Ki ce ga abin da kika ce."

"Maganar da na yi wa 'yata a ɗakina, ita zan tsaya tsakar gida in rantse a kai? In ce wa wan mijina ina son ƙanensa?" Ta girgiza kai. "Ko na faɗa, cewa za a yi yanzu na ƙirƙiro."

Ranar Juma'a da safe Baffa ya tsaya a soro na biyu ya dube ni. Na girgiza kai. Ya wuce masallaci da wata tsohuwar farar hula. Kafin a sauko daga masallaci, Kawu, ƙanen Umma, ya zo da a-kori-kura, aka fitar da gado da kwalla da keken ɗinkin da ba ta taɓa koyo ba. Shekara ashirin da shida ba su cika bayan motar ba. Gwaggo tana bakin ƙofarta, na ga bakinta yana motsi kamar za ta ce wani abu, sai ta shige. Muna fita lungu wasu samari a bakin shago suka ce da siririyar murya, "Hutuna na farko," suka fashe da dariya. Umma ta gyara mayafinta ta hau gaba.

Yanzu muna Ƙofar Na'isa, a ɗakin da Umma ta tashi tana yarinya. Sakamakona ya fito da kyau, amma ban nemi ko'ina ba, ba na son fita. Ban sake bi ta Soron Ɗinki ba, ko Ƙofar Wambai za ni sai in zagaya.

Malama ta samu kyautar. A rediyo na ji, ana hira da ita, an ce an ƙara mata girma a jami'a kuma za ta buɗe irin wurinmu a wani gari. Mai hirar ya tambaye ta sirrin aikinta, ta ce amana, ta ce 'yan matanta na cikin gari su ne malamanta. Na tashi na kashe rediyon. Bayan sati biyu wata daga cikin 'yan ajinmu ta kawo min ƙunshi, wai an aiko ta hannunta. Littafin baje kolin ne, mai nauyi, hannun Umma a bangonsa. Sunana yana shafin ƙarshe cikin ƙananan haruffa, cikin waɗanda aka gode wa. Na zazzage shi shafi-shafi ko kati zai faɗo. Ba komai. Yana ƙarƙashin katifata, na kasa ƙonawa, kuma ina tsoron ranar da Umma za ta ɗaga katifar.

Sau ɗaya tak ta taɓa min maganar. Muna tsince shinkafa ta ce, "Kin gaya min yana ji. Ni ce ban tambaye ki wa yake jiye wa ba." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Rabin maganar nan babu shi a ko'ina sai a katin da ke hannun Malama da kuma kaina, shi ya sa na rubuta shi a nan yadda ta faɗe shi, ban ƙara ba ban rage ba. Ban san ko Baffa zai yarda da rubutun wadda ta kafa kyamarar ba. Na kwafe shafin a takarda daban, yana cikin jakata sati uku ke nan.

Hular tana wurin Umma. Da yamma takan ɗauko ta ta warware kaɗan, ta naɗe koren a jikin tsinke, ruwan tokan a wani. Ta kusa kai rabi. Idan tana yi ita da matar Kawu ina jiyo su daga tsakar gida suna hira, har dariya takan yi. Da na ɗaga labule sai ta yi shiru, ta dubi hannuna ta ga me na riƙo.